Ɗamarar Kawu Tela

Zuwa ga 'yata Allura,

Sallama da gaisuwa mai tarin yawa. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara, da fama da aikin asibiti. Mu nan lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba. Kada ki ce me ya hana ni kiran waya. Kunnena ya yi nauyi, ke kuma in kin fara magana ba kya tsayawa jan numfashi tun kina ƙarama, shi ya sa na zaɓi takarda, ita ba ta katse mutum. Direban motar kaya da ke bi ta wajenku ya ce zai riƙa kai mana.

Abin da ba a rasa ba ɗin shi ne haƙarƙarina na dama. Watannin baya na taka kujera zan sauko da bandir ɗin yadi daga saman kanta, kujerar ta goce, na faɗo a kan gefen teburin yanka. Aka kai ni asibiti aka ɗauki hoton ƙirji. Likita ya ɗaga shi a haske ya ce babu karaya, zuciya da huhu ma ƙalau, in sha magani in huta. Na sha, na huta, ciwon dai bai ji maganar likita ba. In na yi tari sai in ji kamar an soka mini tsinin almakashi. Atishawa kuwa, da na ji tana tafe sai in riƙe teburi. Sunkuyawa ta gagare ni, har na ɗaura maganaɗisu a zare, duk abin da ya faɗi ƙasa da shi nake janyowa.

To ranar nan yayanki ya shigo shago ya tarar da ni ina fama da almakashi a ƙasa, ya fi ƙarfin maganaɗisun, ina ɗagawa yana faɗuwa. Ya tsaya ya gama kallo, ya ɗauko ya ajiye mini a teburi. Da yamma ya ce mutumin da ba ya iya ɗaukar abin aikinsa daga ƙasa ya gama aiki, in rufe shago in koma gidansa, akwai ɗaki kusa da na yara. Ɗana ne, na san da kyakkyawar niyya ya faɗa. Amma tun da matata ta rasu shagon nan ne gidana. In aka raba ni da keken ɗinkin nan, zaman jiran mutuwa zan yi a gaban talabijin.

Na dai samo dabara. Na ɗinka wa kaina ɗamara da kaki ninki biyu, na yi mata shafi mai laushi, na sa igiya a gefe irin ta takalmi. In na ja ta na ɗaure, ƙirjin ba ya ko motsi, ciwon sai ya lafa. Mai aski na kusa da ni ya ce bai taɓa ganin irinta ba.

Abu ɗaya nake roƙo. Ke ce likitar gashin ƙashi a dangi, maganarki yake ji. Ki rubuta masa layi biyu ki ce na warke.

Naki,
Kawu

*

Kawu,

Na amsa sallama. Mu duka lafiya, yara suna gaishe ka, ƙaramar ta ce wandonta na makaranta ya ɗage. Na ji daɗin ganin rubutunka, har na kai sakin layi na huɗu, daga nan daɗin ya ƙare.

Ka cire ɗamarar nan. Na sa shi a farko don na san ka, kana karanta abin da ya yi maka daɗi ne ka tsallake sauran. Ka cire ta yau.

Haƙarƙari ba katako ba ne da kafinta ya kafa da ƙusa. Kowane ɗaya yana da gaɓa a baya inda ya haɗu da ƙashin baya, a gaba guringuntsi ya haɗa shi da ƙashin ƙirji, a tsakaninsu kuma akwai siraran tsoka. Duk numfashin da ka ja sai sun ɗaga sun sauka kamar mariƙin bokiti. Da ka faɗi, wurin ya ƙuje, ka fara kare shi, kana numfashi sama-sama, kana zama a karkace. Ƙujewar ta warke tuni, abin da ke damunka yanzu sandarewa ce. Kai da kanka kake faɗa wa mutane cewa keken da aka ajiye ba a takawa cijewa yake yi. To ga shi ka samu haƙarƙarin da ya cije, ka ƙara ɗaure shi da kaki ninki biyu. Kuma huhun da ba ya buɗewa majina ke kwanciya a ƙasansa, wannan shi ne abin da nake tsoro.

Ga abin da za ka yi. Ka jiƙa tawul da ruwan ɗumi ka dafa a wurin har ya huce. Sannan ka zauna a miƙe, ka sa tafin hannuwanka a gefen ƙirji, ka ja iska ta hanci a hankali har ka ji ta tura hannuwan waje, ka sake ta ta baki. Ka yi haka bayan kowace salla don kada ka ce ka manta. Ka ɗaga hannun dama sama da kai ka karkata hagu kaɗan. In ka ji ja, daidai ne, in ka ji suka, ka koma baya. In tari ya zo ka rungume matashi. Duk rigar da ka gama, ka tashi daga kan keke ka zaga shago kafin ka ɗauki wata. Kuma ka je sashen gashin ƙashi a asibitinku a taɓa ka da hannu, ni daga nan ba na ganin bayanka.

Batun layi biyu ga Yaya, ba zan rubuta ba. Kai ka raɗa mini Allura don ka ce bakina yana suka, ba ka ce yana ƙarya ba. Ba na son a rufe shagon nan, a ƙarƙashin teburin yankan nan na yi rarrafe. Amma hanyar riƙe shi ita ce ka warke da gaske.

'Yarka,
Allura

*

'Yata Allura,

Gaisuwa da fatan alheri. Ki auno mini tsawon ƙafar ƙaramar daga ƙugu zuwa idon sawu, ban yarda da telolin wajenku ba. Jiki da sauƙi, alhamdu lillahi.

Na karanta takardarki duka, har da abin da bai yi mini daɗi ba, wato kusan dukanta. Na cire ɗamarar na ja numfashin kamar yadda kika ce, na ga taurari da rana tsaka. Mai aski ya leƙo ya ce ko a kira yayanki. Na mayar da abata na ɗaure, duniya ta dawo daidai. Ke kina can kina zancen mariƙin bokiti, ni ke da ƙirjin.

Asibitin ma na je, don kada ki ce. Na samu wani dogon mutum mai farar riga, wanda ya ɗinka masa ita bai san inda kafaɗa take ba. Ya sa na tuɓe ɗamarar, ya juya ta ya ce wa ya ɗinka, na ce ni, ya ce ɗinki ya yi kyau amma in kai ta gida in ajiye a akwati. Ya sa babban yatsa daidai inda ke ciwo, ban san lokacin da na kira sunan mahaifiyata ba. Daga nan ya kwantar da ni rub da ciki ya hau danna mini baya. Na ce masa malam, ciwon a gaba yake. Ya ce ya sani. Mutumin da ya san ciwo a gaba yake ya koma baya yana dannawa, ni ban ga abin da zai mayar da ni wurinsa ba.

Amma saƙonki na biyu ya wanke ki. Direba ya kawo mini ƙunshin, na buɗe na ga jar roba mai faɗi, da 'yar takarda kin rubuta, "Kawu, wannan ta ƙirjinka ce, bayani na biye." Ban ga abin jiran bayani ba, tela aka ba roba. Tun da nake sana'ar nan ban taɓa riƙe mai kyanta ba, ba ta saki, ba ta tsagewa. Na yanka ta gida huɗu na jera a cikin shafin ɗamarar, na bi da ɗinki biyu-biyu. Yanzu igiyar ma ado ce, da kanta take kama jiki. Har barci da ita nake yi. Ashe kin san ɗamarar na da amfani, faɗan dai ne ba kya iya bari.

Ɗan tari ya kama ni kwanan nan, amma da ɗamarar ko jin sa ba na yi. Allah Ya yi miki albarka.

Kawunki

*

Kawu,

Ina gaishe ka, don an koya mini gaisuwa kafin magana. Muna lafiya. Ni dai kaina ne ke ciwo tun da na karanta takardarka a bakin ƙofar asibiti, har wata abokiyar aikina ta tambaye ni ko rasuwa aka yi.

Ka yanka robar. Gida huɗu. Robar da na bi layi na roƙa a wurin aiki, na naɗe ta da hannuna. Bayanin yana cikin ambulan ɗin da na ba direba tare da ƙunshin, yanzu yake ce mini ya soke shi a saman gilashin mota ya manta. Laifina ne da na aika wa tela roba ba tare da mai gadi ba.

Robar motsa jiki ce, Kawu. Ɗaura ta ake yi a mariƙin ƙofa, ka kama bakinta biyu, ka ja gwiwar hannu baya a hankali har allon kafaɗunka su matso juna, ka saki. Tana ƙarfafa tsokar bayan da shekaru na sunkuyo a kan keke suka raunana, don ƙirjin ya samu ya buɗe. Abin da aka yi don ya buɗe ka, shi ka mayar abin matse ka.

Dogon mutumin da ka raina wa riga kuwa aikinsa ya yi daidai. Haƙarƙarin da ke maka ciwo a gaba, gindinsa a baya yake. In ƙofa tana cijewa, ba wurin mariƙi ake zuba mai ba, wurin da aka rataye ta ake zubawa. Ka koma masa, ka rufe ido in rigar ce ke damunka.

Yanzu maganar da ta hana ni sukuni, wannan tarin da ka jefa a layin ƙarshe kamar ba komai ba. Ba ka jin sa don ɗamarar ta hana ka yin sa yadda ya kamata, majinar tana nan a ciki. In ka ji zazzaɓi, ko haki, ko ka ga majinar ta sauya launi, kada ka jira takardata, kada ka tambayi mai aski, ka tafi asibiti a take.

Na ɗauki waya zan kira Yaya, na ajiye, don na san in ya ji gobe kwaɗo zai sa wa shagon. Na rufa maka asiri wannan karon, kuma raina bai kwanta da hakan ba. Kada ka sa in yi da na sani.

Allura

*

Ƙanwata,

Ina fata kuna lafiya. Na zaɓi in rubuta, don in na kira ki a yadda raina yake zan faɗi abin da ba shi ke nan ba.

Baba ya kwanta asibiti. Mai aski ne ya ga shago bai buɗe ba har rana ta ɗaga, ya je gida ya same shi jiki zafi zau, numfashi da ƙyar. Likita ya ce ciwon huhu ne, ya kama ƙasan na dama. Da za su sa masa abin sauraren ƙirji suka tarar da wata aba a jikinsa, sun rasa ta inda ake kwance ta, sai da suka sa almakashi. Yana cikin wannan hali ya buɗe ido ya ce musu su bi ta kan ɗinki kada su ɓata kakin. An sallame shi yanzu, yana gida, yana shan magani.

Takardarki ta ƙarshe ta iso yana kwance, motar direban ta lalace a hanya ta yi kwanaki. Ni na karɓa, ni na karanta masa, don haka na ga layin da kika ce kin rufa masa asiri. Kin san da ɗamarar nan tun farko. Ni ina ganinsa kullum da babbar riga a kai, ina cewa ƙiba ya yi. Ke ce mai ilimin abin, kika zauna kina musayar takarda da mutumin da kin san ba ya jin magana.

Na sa wa shagon kwaɗo, makullin yana aljihuna. Na kira mai fenti ya fara gyaran ɗakin. Da ya gama zan zo da mota in ɗauke shi. Keken kuma akwai wani tela a bayan layinmu da ke so. Ba shawara nake nema ba, sanar da ke nake yi.

Yayanki

*

Kawu,

Sannu da jiki, Allah Ya ƙara sauƙi. Da na karanta takardar Yaya sai da na shiga ɗakin ajiyar kaya na rufe ƙofa na yi kuka, sannan na fito ina jin haushinka, kuma har yanzu haushin bai sauka ba. Na ji tsoro ƙwarai. Yaya ya yi gaskiya da ya yi mini faɗa, na kira shi na ba shi haƙuri. Na roƙe shi abu ɗaya, kada ya ba da keken sai ranar da ya zo ɗaukarka. Ya ce to, da ƙyar.

Na gaji da yi maka bayani. Na kawo bokiti, na kawo ƙofa, na kawo keke, duk ka bi ta kansu. Na zauna na tambayi kaina, a duniyar nan wa Kawu ke yarda da maganarsa? Ba likita ba, ba ɗansa ba, ni kuwa ba a ma magana. Sai na tuna tef ɗin da ke wuyanka. Tun ina yarinya, in mai kaya ya ce ƙugunsa kaza ne, kai ba ka musu, sai ka zagaya masa tef ka nuna masa.

To mu ma da tef muke aiki. Ka tuɓe riga, ka zagaya shi a ƙirjinka daidai inda kake auna na maza. Ka fitar da iska duka, ka duba. Ka ja iska iyakar iyawarka, ka sake dubawa. Bambancin da ke tsakani shi ne motsin haƙarƙarinka. Sannan ka kira mai aski, tunda sa'anka ne, ka yi masa haka. Ba zan faɗa maka abin da za ka gani ba. Ka auna da hannunka, ka rubuto mini.

Kuma ka tuna rigunan makarantar da kake ɗinka mini. Kullum sai na yi kuka na ce sun yi mini yawa, kai kuma ka ce ba a ɗinka wa mai rai kaya cif-cif, dole a bar rara. In ka zo awo ka ga mutum ya shanye ciki, kai ne mai cewa ya saki jikinsa ya yi numfashi, in ba haka ba rigar ba za ta sawu ba. Duk garin ka bar wa rara, ƙirjinka kaɗai ka hana.

In tef ya ce ni ce mai ƙarya, na yi alkawari ba zan ƙara ce maka komai ba.

'Yarka,
Allura

*

Allura,

Na gode da gaisuwa. Zazzaɓin ya tafi, tarin ya ragu, ƙafa ce dai har yanzu ba ƙarfi. Zaman gida ya ishe ni. Ta taga nake ganin mutane suna wucewa da ɗinkin wasu, wuya a karkace, aljihu ɗaya sama ɗaya ƙasa.

Na yi awon. Tef ɗina bai shiga kwaɗon yayanki ba, da shi aka kai ni asibiti. Na fitar da iska na duba, na ja na duba. Rabin inci. Na ce tef ɗin ya tsufa ya miƙe, na aika aka aro mini na wani tela, shi ma rabin inci. Na kira mai aski. Mutumin nan ya ma ɗan girme ni, yana da tumbi, bai taɓa ɗaga abin da ya fi reza nauyi ba. Ya ja numfashi tef ya gudu a hannuna har inci biyu. Na ce ya daina wasa da ciki, ya rantse bai yi ba. Na sake aunawa, ya sake ba ni biyu, yana dariya har da riƙe bango.

Ban ce kin yi gaskiya ba. Na dai ce tef ya faɗi abin da ya faɗa, kuma ni ban taɓa musu da shi ba, ba zan fara da tsufana ba. Abin ya tsaya mini a rai. Na zauna ina kallon ƙirjina a madubi, ɓangaren hagu yana ɗagawa kaɗan, na dama kamar an liƙa shi.

Na koma wurin dogon. Bai yi mini gori ba, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan. Ya gasa wurin da wani abu mai ɗumi, ya danna bayan a hankali yana cewa in ja iska in saki, ya bi tsakanin haƙarƙarin da yatsa yana murzawa. Na yi ƙara, ba zan ɓoye ba. Amma da na tashi sai na ji kamar an kwance wani ƙulli. Ya sa ni zama a kujera in rungume kafaɗuna in juya dama da hagu, ya sa ni tsayawa a bakin ƙofa in dafa gefe biyu in tura ƙirji gaba. Ya tambayi tsawon kujerar kekena, na nuna masa da hannu, ya ce ta yi ƙasa, shi ya sa nake naɗewa a kai, in aka buɗe shagon a ɗaga ta. Na ce in aka buɗe. Na ce masa kuma ya kawo rigar nan in gyara masa kafaɗa, ba na iya warkewa ina kallonta.

Mai fenti ya gama shafe na farko, in ji yayanki.

Kawu

*

Kawu,

Gaisuwa a gurguje, marasa lafiya na jira. Mai aski ya kira ni ya ce kana auna ƙirjinka safe, rana da yamma, kuma duk wanda ya zo duba ka sai ka sa shi tuɓe riga, har da limamin unguwa. Sau ɗaya a mako ya isa. Ya ce kuma kana yin motsin har sai ka yi haki don ka riga mai fenti. Ban taɓa ganin mutum irinka ba, ko dai ka ƙi gaba ɗaya ko ka wuce gona da iri. A hankali ake yi. In wurin ya kwana yana zugi, ka yi yawa, ka rage.

Ga wata robar nan. Na aika ta hannun mai aski, shi zai riƙa kawo maka ya tsaya a kanka ya koma da ita. Na ce masa in ya ga almakashi a ɗakin ya fita da ita da gudu.

Allura

*

'Yata Allura,

Sallama, da fatan kowa lafiya. Wandon ƙaramar yana cikin ƙunshin nan, na bar mata rara a ƙafa. Za ki ce da wane keke na ɗinka. Ki yi haƙuri ki karanta a jere, kada ki tsallake kamar wani.

Makonnin nan na yi abin da aka ce. Mai aski yana zuwa da robarki a aljihu kamar mai rakiyar fursuna, ina ja yana ƙirgawa, yana ɓata lissafi da gangan. Tef ya tashi daga rabi zuwa ɗaya, ya ɗan wuce. Ciwon bai tafi duka ba, da safe yana gaishe ni. Na faɗa wa yayanki, na nuna masa tef, ya ce shi ba tela ba ne, abin da idonsa ya gani a shago ya gani.

Mai fenti ya gama. Yayanki ya zo da mota da safe. Na riga na haɗa akwati, don na gaji da jayayya, kuma gaskiya na fid da rai. Na ce tunda tafiya ce bari in fita da mutuncina, na ɗauko wata farar riga da na ɗinka wa kaina lokacin ɗamara, ban taɓa sa ta ba. Na ji ta ɗan kama ni, na ce wanki ne ba ta taɓa gani ba. Na roƙe shi mu biya ta shago in ɗauki almakashina, ko ba komai in riƙa yanke wa jikoki farce.

Ya buɗe kwaɗon. Ƙura ta rufe teburin yanka, keken yana lulluɓe yadda na bar shi. Ya ce telan bayan layinsu zai zo da yamma ya ɗauka. Na tsaya ina kallon keken nan, baƙin ciki ya taso mini tun daga ciki, na yi ajiyar zuciya irin wadda na daɗe ban yi ba. Sai ji na yi maɓallin ƙirji ya tsinke, ya buga a ƙarfen keken, ya gangara ƙarƙashin matakinsa.

Haushi ya kama ni. Ni, maɓallina ya tsinke a gaban mutane. Na sunkuya ina faɗa, na zura hannu ƙarƙashin keken na lalubo shi, na miƙe ina duba zaren don in ga inda na yi sakaci. Zaren ƙalau yake, rigar ce na yanka a kan ƙirjin da ba ya motsi, kuma ban bar ko kaɗan na rara ba. Ina cikin wannan na ga yayanki ya zuba mini ido. Mai aski ma yana bakin ƙofa yana kallona. Sai a lokacin na gane daga ina na taso.

Yayanki ya ce in sake. Na ce ni ba ɗan wasa ba ne. Ya ɗauki almakashin nan da kansa ya ajiye a ƙasa. Na sunkuya na ɗauka na miƙa masa, na ce ba a ajiye almakashi a ƙasa, tsininsa ke lalacewa. Ya daɗe yana juya makullin a hannu, sannan ya ajiye shi a kan teburin yanka ya fita. Duk da nauyin kunnena, na ji shi a waje yana waya yana ce wa matarsa ɗakin ya zama na baƙi. Ya dawo ya kafa mini sharuɗɗa, rabin yini kawai, a ɗaga kujera, ba hawa kanta, kuma in ci gaba da zuwa wurin dogon. Na ce to. Ya ce bai taɓa jin na ce to da sauri haka ba.

Yanzu ga ƙorafina. Yadin rigar nan mai kyau ne, kuma ba ta gyaruwa, babu abin da zan saki. Sauran rigunan da na rage lokacin ɗamara su ma duk sun matse ni. Wannan ɓarnar a wuyanki take, ke da dogon da mai aski.

Maɓallin ban mayar da shi ba. Ki duba kusurwar ambulan ɗin, na naɗe miki shi a ƙyalle don kada direba ya yar.

Naki,
Kawu